Haƙorin da Magagari Ya Goge

A layin da ake sayar da fanka da ƙwan fitila akwai wani dattijo da kowa ke kira Magagari. Sunan ya samo shi ne daga ɗan ƙarfen nan mai kaushi da ake goge ƙarfe da shi, wanda ba ya barin aljihun gaban rigarsa ko da asibiti zai je. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rediyo a bayan wani kanti, a can ne kuma ya kwaso wata cuta da likita ba ya gani: ba ya iya ganin abu ya yi tsini ya ƙyale shi. Kan ƙusa a jikin benci, bakin gwangwani, ɗan ƙurjin da ke jikin sabon makulli, duk sai ya zaro magagari ya bi ta kansu. Ya taɓa zuwa a cire masa haƙori, kafin layi ya zo kansa ya lailaye hannun kujeru huɗu na ɗakin jira, har ma'aikaciyar wurin ta ɗauka turo shi aka yi, ta nuna masa ta biyar. A ganinsa duk abin da ya fito waje a jikin kaya mantuwar maƙera ce, lokacin tashi ya yi musu kafin su ƙarasa.

Da ya ajiye aiki sai ya kwaso teburinsa ya dasa a ɗakin gaba na gidansa, ƙarƙashin babbar tagar da ke kallon titi. Tagar nan ita ce tushen magana. Matarsa tela ce, kekenta kuwa yana can cikin lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda sai ta kunna fitila da rana tsaka kafin zare ya shiga allura. Shekara uku tana cewa mai ɗinki ta fi mai kallon titi bukatar ɗan haske. Shekara uku yana cewa shi ba titi yake kallo ba, tunani yake yi, titin ne ya zo ya tsaya a gabansa.

Suna da auta wadda ta gaji hannun ubanta amma ba ta gaji cutar ba. Injuna take gyarawa a wata masana'antar kwalabe. Wata ranar Lahadi ta shigo tana nishi, rungume da wani akwatin ƙarfe mai ɗan gilashi a gaba da mamurɗai birjik. Ta ce an kawo sababbi a wurin aiki, wannan jefarwa za a yi, shi ne ta roƙo masa.

"Sunansa osiloskop, Baba. Mita tana gaya maka yawan wuta. Wannan kuwa kamanninta yake nuna maka."

Ta kunna. Wani koren layi ya fito a gilashin, siriri, a kwance kamar mai barci. Magagari ya jawo kujera. Wuta ta cije shi sau ba adadi a rayuwarsa, ta taɓa ma jefar da shi daga kan tsani, amma bai taɓa ganin fuskarta ba.

Auta ta zaro wata baƙar igiya daga jakarta. Gefe ɗaya kamar biro ne mai 'yar ƙugiya a baki, da ɗan matsi mai bakin kada yana lilo a gefensa. Ɗaya gefen kuma wani farin kai ne na ƙarfe, mai faɗin babban yatsa.

"Wannan kan shi ne abin kula," in ji ta. "Ka ga 'yan kunnuwa biyun nan a bakin akwatin? Ka ga tsaga biyun nan a jikin kan? Sai ka daidaita su, ka tura, ka ɗan murɗa, ka ji ƙas. Allurar tsakiya ce ke ɗaukar saƙo. Hular da ta rufe ta kuma ita ke kare saƙon daga surutun sauran wayoyin gida. Ita igiyar, kashi ɗaya cikin goma kaɗai take bari ya wuce, don kada ta takura wa abin da ake aunawa. Shi ya sa wannan ɗan haƙorin na gefe..."

Amma a daidai nan yatsan Magagari ya taɓa bakin ƙugiyar, koren layin ya farka ya shiga rausaya kamar igiyar shanya a cikin iska.

"Auta, ashe da wuta a jikina."

"Ta gidan ce jikinka ya ɗauko, Baba. Kana ji na kuwa?"

"Ina jin ki da kyau."

Bai ji ba. Yana can yana tunanin ko layin mai fushi ya fi na wanda ya ƙoshi tsini, da ko kyanwa za ta yarda a gwada ta. Auta ta ƙarasa bayaninta ga ƙeyarsa, ta ce an tura ta kwas na mako guda sai Asabar za ta dawo, mai tasi ya danna hon, ta fita.

Washegari da hantsi ya kwance farin kan ya ɗaga shi a hasken taga. Ya yaba wa wanda ya ƙera shi. Tsaga biyun nan sun lanƙwashe sumul, allurar tsakiya ruwan zinariya, ga 'yar roba fara ta riƙe ta tsaf. Sai babban yatsansa ya ci karo da wani abu. A gefen zoben akwai ɗan haƙori, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya leƙo shi kaɗai ba ɗan uwa. Ya danna shi, ya shige. Ya sake shi, ya fito.

"Ko ɗaure shi ba su yi ba," in ji Magagari, cikin tausayin maƙera.

Ya kama shi da filaya don kada ya gudu ciki, ya zaro abin aljihu. Goga shida, haƙori ya zama tarihi. Ya shafa wurin, ya ji santsi har cikin ransa. Ya tura kan, ya murɗa, ya ji ƙas. 'Yan lambobin da ke kusurwar gilashin sun sauya, amma shi koren layin yake kallo.

Ranar Talata rediyon matarsa ya ɗauke. Tsohon rediyo ne mai rigar fata, wanda suka saya shekarar da babban ɗansu ya fara tafiya, kuma tun lokacin ba ta taɓa taka keke ba tare da yana magana a gefenta ba. Ta sauya masa batura shida sababbi, ta murɗa, shiru. Ta ɗauko shi kamar jariri ta dire a kan teburin mijinta. A lokacin Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da gidan, yana jingine da tagar daga waje yana kallon koren layin, wanda ya sa wa suna talabijin mai tasha ɗaya.

"Malam, ga mara lafiya," in ji ta.

"Ajiye shi, Uwar Auta. Ya zo a sa'a, yanzu muna da ido."

"To madalla da ido. Ga sharaɗina, Mai Aski kai ne shaida. Asabar, labaran sha biyu. In rediyon nan ya karanta min labarai, ba zan ƙara ɗaga maganar taga ba. In ya yi shiru, kai da koren macijinka ku koma lungu, ni in fito."

"Na ji na gani," in ji Mai Aski. "Tsoho, ka amsa?"

Magagari ya yi dariya. Mutumin da ya tayar da rediyo dubu ba zai ji tsoron na matarsa ba. Ya amsa.

Ya fara daga inda kowane mai gyara ke farawa. Ya zazzage baturan, ya jera su kai da gindi a cikin lanƙwasasshen kwali, ya maƙala bakin kada a ƙarshe ɗaya, ya ɗora ƙugiya a ɗaya ƙarshen. Batura shida, ya kamata a ga bolt tara. Koren layin ya ɗaga, amma lambobin gilashin suka ce ko ɗaya bai cika ba.

"Baturan sun mutu," ya kira ta.

"Jiya na sayo su," ta amsa daga lungu.

"To a mace kika sayo su."

Ya fita da kansa ya sayo wasu shida a wani shago, ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya yana jinjina nauyinsu a tafin hannu. Ya jera, ya auna. Ko ɗaya bai cika ba. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da tsohuwar mitarsa mai allura, abokiyar aikinsa ta shekara talatin. Ya ɗora mata wayoyi. Allurar ta tashi ta tsaya cak a kan tara.

Ya kalli mita, ya kalli akwati. Mitar gilashinta ya tsage an liƙe da salatif, akwatin kuwa daga masana'anta ya fito, yana da mamurɗai ashirin da bakwai.

"Ke tsohuwa ce," ya ce wa mitar a hankali. "Abin da kika saba faɗa kike faɗa. Ni ma in aka tambaye ni lafiya, lau nake cewa." Ya mayar da ita aljihun tebur.

Laraba ya kasa zama. Ya karɓo cajar injin askin maƙwabcinsa, wadda aka rubuta biyar a jikinta. Rabin bolt akwatin ya nuna. Ya sa mai gadin kantin fanka ya kwanto batirin babur ɗinsa, mai sha biyu. Ɗaya da ɗan ɗoriya. Tocila, agogo, motar wasan jikar mai wanki, duk abin da ya ɗora wa ƙugiya sai ya ga kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta. Ya zauna a bakin taga har shayinsa ya huce, sai ga amsa ta zo masa gaba ɗayanta, tana sheƙi.

"Wuta ce ta tsufa," ya gaya wa Mai Aski.

"Wace wutar?"

"Duka. Ta duniya. An sirka ta, ko kuma ta gaji. Kashi ɗaya cikin goma ya rage, ba wanda ya lura don ba wanda ke da tagar leƙa ta sai ni. Kai ba ka ga ashana ba? Da ɗaya ake kunna murhu, yanzu sai an ƙyasta huɗu. Sukari fa? Har zakarun yanzu, ka saurare su, kamar suna jin kunya."

"To in haka ne, me ya sa injina yake aski?"

"Sabo. Ni nan da kashi ɗaya cikin goma nake tafiya, ga shi har kasuwa nake zuwa. Kayan yanzu a cikin sirkakkiyar wuta aka haife su, ba su san wata ba. Shi kuwa rediyon Uwar Auta ya sha ta gaske yana yaro. Ba zai buɗe baki a kan ruwa-ruwa ba."

Mai Aski ya sosa gemu. Maganar ba ta shige shi ba, amma ta yi daɗin da za a maimaita wa mai zaman kujera, kafin yamma kuwa duk kan da aka aske a layin ya fita da ita.

Magani a fili yake. In shida sun koma kamar kashi ɗaya cikin goma, sai a ba rediyo sittin. Magagari ya samo dogon bututun roba ya tsaga shi gida biyu, ya shimfiɗa daga bakin ƙofa har gindin taga. Alhamis da Juma'a ya bi gida-gida yana aron batura, manya da ƙanana. Mutane suka bayar, wasu don girmamawa, wasu don su ga ƙarshen abin. Tociloli suka makance. Agogon bangon gidaje tara suka tsaya, kowanne a lokacin da ya ga dama, har mai wanki ya buɗe shago awa biyu kafin lokaci yana faɗan ma'aikatansa sun makara.

Ita kuwa Uwar Auta shirin ƙaura ta fara. Da tef ɗin awo a wuya ta riƙa shigowa, ta tsallake bututun, ta auna faɗin taga, ta rubuta a bayan hannunta. Ranar Juma'a ta durƙusa da alli ta zana wa ƙafafun kekenta gurbi huɗu a ƙasa, biyu daga ciki a ƙarƙashin teburinsa.

"Ɗan ɗaga ƙafa, Malam."

Ya ɗaga.

"Labule mai ruwan ƙasa zan sa. Kai a lungu ba ka bukatar labule, an hutar da kai."

Asabar da safe batir na sittin ya shiga layi. Ƙananan ya naɗe su da takarda don su zauna daidai, ya tokare ƙarshen da katako. Ya maƙala bakin kada, ya ɗora ƙugiya. Lambobin suka ce tara. Magagari ya cire tabarau ya goge. Irin wannan daɗin rabonsa da shi tun ranar da aka haifi Auta.

Mai Aski ya shigo da hannuwansa a jiƙe, ya baro wani da kumfa a rabin fuska. Ya sunkuya ya ɗauki wayoyi biyun da suka fito daga bututun don ya gani da kyau, ɗaya a kowane hannu. Sai ya yi wani ɗan tsalle da bai dace da shekarunsa ba, ya watsar da su, ya sa yatsu a hammata.

"Tsoho, wannan ce wutar da ta gaji?"

"Tara ce kawai. Ga shi a rubuce."

"To ta huta ta tashi."

Magagari bai kula shi ba. Ya buɗe bayan rediyon, ya nemo wayoyi biyun da ke kai wuta ciki, ja da baƙa, ya fere musu baki. Mutane sun taru a taga. Wani ya duba waya ya ce sha ɗaya da rabi ta wuce, tunda agogon ɗakin ma batirinsa na cikin bututu. Uwar Auta na tsaye a bakin ƙofa da labule a ninke a kafaɗa. Ya haɗa baƙa da baƙa. Ya ɗauki ja.

"Baba, tsaya."

Auta ce, da jakar tafiya a hannu. Idonta ya bi bututun daga ƙofa har tebur, leɓenta na motsi tana ƙirga.

"Baba, ajiye wayar nan. A hankali. Yawwa. Batura nawa ne wannan?"

"Sittin. Zauna ki ji abin da na gano, ke ma a wurin aikinku ba su sani ba."

Ya fara ba ta labarin tsufan wuta, har ya kai kan zakaru. Ba ta katse shi ba. Ta dai miƙa hannu ta murɗe farin kan daga bakin akwatin, ta ɗaga shi a hasken taga, ta juya shi sau biyu.

"Ina haƙorin?"

"Wane haƙori?"

"Na nan gefen."

"Au, wannan. Na ƙarasa musu aikin."

Auta ta zauna a kan jakarta. Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa, har uwar ta matso ta ga ko kuka take yi.

"Baba, na gaya maka ranar Lahadi. Igiyar nan kashi ɗaya cikin goma take bari ya wuce. Dubi bakin akwatin, ka ga wannan zoben da ya kewaye shi? In ka murɗa kan, haƙorin ne ke taɓa zoben, ya gaya wa akwati, abin da na kawo maka ragagge ne, ninka shi sau goma. Shi ya sa yake shiga yana fita, don ya dafa zoben da kyau. Da shi igiyar ke magana. Ka cire mata harshe, akwatin kuma ya ɗauka abin da ya gani shi ke nan."

A waje wani ya ce, "Wato wuta lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Duk abin da Baba ya gani, a ninka sau goma. Wannan bututun bolt tasa'in ne. Da ja ta taɓa ja, da yanzu rediyon Inna hayaƙi yake karantawa."

"Ni na shaida tasa'in ɗin," in ji Mai Aski, yana duba yatsunsa.

Magagari ya jawo aljihun tebur, ya kalli tsohuwar mita, ya ɗan shafa salatif ɗin da ke gilashinta, ya mayar. Su biyu sun fahimci juna.

"Saura minti goma sha takwas," in ji mai waya.

Auta ta miƙa hannu za ta jawo rediyon, uwar ta ce, "A'a. Da shi na yi sharaɗi, ba da 'yarsa ba." Auta ta naɗe hannu, ta ce abu ɗaya kawai za ta faɗa, ya riƙa ƙara sifili a ka.

Ya zaro batura shida daga bututun ya zuba a cikin rediyon, ya rufe murfi. Sai yanzu ya tuna tun Talata bai auna komai a cikin shi rediyon ba, yana can yana auna duniya. Ya mayar da farin kan, ƙas. Ya zura ƙugiya ta wata 'yar kafa ya taɓa kan batir na ƙarshe. Layi ya ɗaga. Ya ƙara sifili a ka, tara. Ya matsar da ƙugiyar kan jar wayar da ke fita daga murfin. Layi ya kwanta shame-shame. Wuta na zuwa bakin murfi ta tsaya, kamar baƙon da ba a yi wa iso ba.

Ya cire murfin ya juya shi. A ciki akwai ɗan farantin ƙarfe da batir ke tokara. Farantin na sheƙi, sumul, ba ƙurji ko ɗaya. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma ya san hannun. Watan jiya ne, ranar da matarsa ta je duba ƙanwarta, yana share wa rediyon ƙura ɗan tudun da ke tsakiyar farantin ya karce masa yatsa. Tsofaffin baturan sun ɗan kumbura, shi ya sa suka ci gaba da kaiwa. Sababbin kuwa saura kaurin farce su taɓa.

Uwar Auta ta leƙo ta kafaɗarsa. Shekara arba'in tana ganin irin wannan santsin a cokulanta.

"Malam, wa ya yi wannan?"

"Ana bincike."

"Minti tara," in ji mai waya.

Abin da ake bukata kaɗan ne: ɗan ƙarfe mai tudu, da zai cike gurbin. Ya zazzage gwangwanin ƙusoshi. Kowace ƙusa an lailaye kanta. Ya duba kwalin tarkace, ya duba aljihu, ya duba ƙasan tebur. A duk faɗin ɗakin nan, aikin shekara uku, babu abu ɗaya mai ƙurji. Ya goge su duka. Dalma za ta yi, amma kafin ƙarfen liƙi ya yi zafi an gama labarai.

Ya san inda abin yake. A cikin gwangwanin da ke kan kekenta akwai 'yan maɓallan ƙarfe masu mannewa, irin na rigar jarirai, kowanne da ɗan cibi a tsakiya. Ya ɗago ya dube ta. In ta bayar ta rasa taga, in ta hana ta samu. Ya ga yadda ta ƙanƙance ido tana kallon farantin, ta matsar da shi nesa, ta dawo da shi kusa. Shekara uku tana cewa ɗan haske. Sai ya ji kansa, ba tare da ya yi niyya ba, yana ƙara wa wannan ɗan hasken sifili.

"Uwar Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ko za ki ara min maɓalli ɗaya."

"Mai tsini?"

"Mai tsini."

"Maimaita, Mai Aski bai ji ba."

"Mai tsini nake so."

Ta ajiye labulen a kan kujera, ta tafi lungu ba gaggawa. Suna jin ta kunna fitila, suna jin gwangwani na kaɗawa. Ta dawo ta ɗora masa ɗan maɓalli a tafin hannu. Ya kwantar da shi a kan farantin, cibi na kallon batir, ya danna murfi. Koren layin ya yi tsalle ya tsaya a sama. Ya murɗa rediyon. Aka ji shuu, aka ji ƙarar agogon tasha, sai wata murya ta ce ƙarfe goma sha biyu daidai, ga labaran duniya.

Mutanen taga suka yi tafi, sannan suka shiga tambayar baturansu.

"Shaida ya yi magana," in ji Mai Aski. "Rediyo ya karanta labarai. Ɗaki na tsoho ne."

"Na ji," in ji Uwar Auta. Ta ɗauki labulenta.

Magagari ya miƙe. Ya kama gefen teburinsa ya ce wa Auta ta kama ɗaya gefen. Suka ja shi taku biyu zuwa bango, har gurbi huɗun nan na alli suka fito fili.

"Akwatin nan ba ya son haske," ya ce wa matarsa, yana kallon wani wuri. "Layin ya fi fitowa a inuwa. Kuma maɓallinki ne ke riƙe da rediyon, ya kamata ki zauna kusa ki sa masa ido."

Ba ta yi godiya ba, ba ta kuma yi musu ba. Ta dai miƙa masa tafin hannu ta bar shi a buɗe. Ya gane. Ya zaro magagarin daga aljihun gaba, ya ɗan jinjina shi, ya ɗora mata. Ta kai shi cikin gwangwanin maɓallai ta rufe.

Kafin la'asar keke ya hau gurbinsa, labule mai ruwan ƙasa ya hau taga. Auta ta yanko 'yar takarda ta rubuta "sau goma" ta liƙa a goshin akwatin, ta ce za ta nemo masa wata igiyar mai haƙori, amma sai ya yi wata guda bai goge komai ba. Rabon batura ya ɗauki sauran yinin, don kowa ya rantse nasa sabo ne.

Da ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar keke da muryar rediyo, Magagari ya zauna yana kallon layinsa. Ya maƙala ƙugiya a wayar lasifika, ya ga muryar mai labarai ta zama duwatsu da kwaruruwa, ya shiga tunanin ko ƙarya da gaskiya kamanninsu ɗaya a gilashi. Hannunsa na hagu kuwa, wanda ba ya neman izini, ya tafi yawo shi kaɗai har gefen teburin keken. Ya tarar da wani ɗan kan ƙusa ya leƙo. Ya shafa shi. Ya sake shafawa. Ɗaya hannun ya tafi aljihun gaba ya tarar wayam.

Uwar Auta ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Haƙori ne," in ji ta. "Ƙyale shi."